Awon Ruwa da Zafi da Iska a Gida: Kalmominsa da Ma'aunansa



Na san akwai waɗanda tun da suka ga sanarwar wannan lacca suke tambayar kansu, shin me ya haɗa malamin Hausa da awon ruwan sama? Ai wannan gonar mutanen Sashen Labarin Ƙasa ce. Gaskiya ne, kuma ina neman afuwarsu tun yanzu idan na taka musu shuka. Abin da ya shigo da ni gonar tasu kalma ce, domin kuwa duk abin da aka auna, in dai ana so manomi ya amfana da shi, sai an faɗa masa da baki, kuma da harshen da yake ji. A nan ne aikin mai awo ke ƙarewa, namu ya fara.

Lokacin da nake karatu a Amurka, wata rana cikin watan Janairu na buga waya gida. Ƙanena ya tambaye ni sanyi, na ce masa yau digiri 20 aka ce. Sai ya yi dariya, ya ce, "Haba yaya, ashe ma mun fi ku. Mu nan da asuba 15 ne." Ni kuwa a lokacin ina kallon ƙanƙara ta taga. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Ni na faɗi 20 na awon Faranhait, watau kusan 7 ƙasa da sifiri a awon Salsiyos, shi kuwa ya faɗi 15 na Salsiyos, wanda ya yi daidai da 59 a wajen Amurkawa. Wannan abin dariya ne. Na biyun da zan ba ku ba na dariya ba ne sosai.

A zamanin nan an sami ƙananan na'urori na awon yanayi waɗanda mutum zai iya saye ya kafa a gidansa ko gonarsa. Rabi yana waje a kan sanda, yana auna ruwa da zafi da iska, rabi kuma allo ne a ɗaki mai nuna adadi. Da zan dawo gida na sayo ɗaya, na kai wa wana, manomi ne, kuma ya yi makaranta daidai gwargwado. Da ruwan farko ya sauka sai ya aiko mini cewa na'urata maƙaryaciya ce, ruwa ya kwanta a kwari, amma ta ce ko ɗaya bai cika ba. Abin da allon ya nuna shi ne 0.9. Shi a zatonsa milimita ne, kamar yadda yake ji a rediyo, alhali na'urar don kasuwar Amurka aka ƙera ta, da inci take lissafi. Inci 0.9 kuwa kusan milimita 23 ne, ruwan shuka sosai. Allah ya taimake shi ya bi idonsa da fartanyarsa, ya bar na'ura. Da ya bi ta, da maƙwabtansa sun riga shi shuka da mako guda ko fiye, mako guda kuwa a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu ba, ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka ina roƙon mu fara raba abubuwa uku da muke cuɗawa a magana. Akwai ma'auni, watau kayan da ake awo da shi. Akwai awo, watau abin da aka yarda a ƙidaya da shi, kamar milimita ko inci. Sa'an nan akwai adadi. Adadi ba tare da an faɗi awonsa ba, maganar banza ce. Matan gida sun fi mu sanin wannan, don babu wadda za ka ce wa "na sayo gero goma" ba ta tambaye ka mudu ko tiya ba, har ma ta ƙara da tambayar mudun wace kasuwa. Kada kuma ku ɗauka wannan kuskuren mutanen ƙauye ne. A 1999 Amurkawa sun yi asarar kumbon da suka aika duniyar Mirrihi, wadda Turawa ke kira Mas, domin wata ƙungiyar injiniyoyinsu ta yi lissafi da awon Ingilishi, wata kuma ta karanta shi a matsayin awon mita.

Ita kanta kalmar yanayi tana ɗauke da kaya biyu. Muna cewa yanayi idan muna nufin halin da aka wayi gari a ciki yau, muna kuma cewa yanayi idan muna nufin abin da ƙasa ta saba da shi shekara da shekaru. Masana sun raba su. Na biyun ba sa yanke hukunci a kansa sai sun tara awon shekara 30, kuma wanda ake aiki da shi yanzu shi ne na 1991 zuwa 2020. Ni a ganina mu riƙa cewa yanayin rana da yanayin ƙasa, ya wadatar. Haka nan a raba awo da hasashe. Abin da wayar hannu ke nuna muku da hoton girgije hasashe ne na kwamfuta, ba wani ya zo unguwarku ya auna ba. Hasashen shekara da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 2003, take fitarwa kafin damina, shi ma kirdado ne na masu ilmi, yana iya dacewa, yana iya kaucewa. Awo kuwa labarin abin da ya riga ya sauka ne. Na faɗi haka ne saboda dattijon da ya taɓa ce mini sanin gaibu sai Allah. Na ce masa haka ne, baba, amma ruwan da ke cikin gwangwani ba gaibu ba ne.

To, bari mu tsaya a kan ruwan, domin shi ne ran ƙasarmu.

Bahaushe ba matalauci ba ne wajen sunayen ruwan sama. Yana da yayyafi da tsattsafi, yana da mamako, yana da marka ta watan Agusta wadda ake kwana a wuni ba a ga rana ba, yana da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yana kuma da awonsa, don manomi kan fita da safe ya tona ƙasa ya ga inda danshi ya tsaya, ya auna da yatsa ko da taki. Malamanmu na hisabi kuma sun raba shekara bisa taurari 28, kowanne kwana 13, in ban da ɗaya mai 14, suna faɗa wa manoma inda damina ta kai. Duk wannan ilmi ne, ban zo in rena shi ba. Raunin da ke gare shi ɗaya ne: ba ya ƙetare gari, ba ya ƙetare shekara. Takin hannuna ba naka ba ne, jigawa ba ta shan ruwa kamar laka, kuma mamakon mutumin Agadas yayyafi ne a wajen mutumin Kafanchan.

Milimita ɗaya na ruwan sama ma'anarsa ita ce, da ruwan da ya sauka zai tsaya a kan daɓe shimfiɗaɗɗe, bai gudu ba, bai nutse ba, bai ƙafe ba, to zurfinsa zai kai milimita ɗaya, watau kashi ɗaya cikin goma na santimita. Da jin haka sai mutum ya ce ai wannan ba komai ba ne. Amma ku yi lissafi. Milimita ɗaya daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Rufin kwano mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, idan aka yi ruwan milimita 20, ya tara lita 2,000, watau duro goma irin mai cin lita 200. Wannan ruwan a gona mai hekta ɗaya duro dubu ne. Duk ma'aikacin da aikinsa ya shafi gina kwalbati ko tanki ko makaranta, ya kamata wannan lissafi ya zauna masa a ka kamar albashinsa. Inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne. Nijeriya ta koma awon mita a cikin shekarun 1970, saboda haka duk wanda zai buɗe tsofaffin fayiloli na zamanin Turawa zai tarar da inci, sai ya juya kafin ya kwatanta. A Nijar tun asali da milimita ake aiki, kuma rediyonsu ya saba karanta ruwan gari-gari da damina, har ka ji manomin da bai taɓa shiga aji ba yana cewa jiya an sami 30 a garinsu. Akwai wani tarko ƙarami tsakaninmu da su: inda mu muke rubuta 12.5 da ɗigo, su 12,5 suke rubutawa da waƙafi, bisa al'adar Faransa.

Ga wani abu da kan ba ɗalibai mamaki. Ruwan da Kano ke samu a shekara, a matsakaicin lissafi, ya haura milimita 800, na Landan kuwa wajen 600 ne. Watau Kano ta fi Landan ruwa. Bambancin shi ne nasu yana zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara a ƙarƙashin rana mai sanyi, namu kuwa yana zubowa cikin wata huɗu ko biyar, sa'an nan rana ta bi ta lashe. Don haka jimlar shekara kaɗai ba ta ba da labari. A 1973, shekarar farin da iyayenmu ba su manta ba, abin da Kano ta samu kusan rabin wanda aka saba ne, wannan kam jimla ta nuna shi. Amma akan yi shekarar da jimla ta cika, hatsi kuma ya lalace, saboda ruwa ya ɗauke kwana ashirin daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Wannan ne ya sa wani masani mai suna Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT kusa da Yamai, ya fitar da ƙa'ida a 1988, cewa damina ba ta kama ba sai an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi kwana fiye da bakwai babu ruwa ba a cikin kwana 30 da suka biyo. Ku lura, rabin farko na ƙa'idar ana aunawa, rabin na biyu kuwa sai an jira. Amma ko rabin farkon nan ya isa ya hana mutum zuba irinsa a ƙasa saboda ruwan milimita 8 da ya zo da tsawa mai yawa.

Akwai kuma ƙarfin zuba, wanda ake faɗi da milimita a awa. Milimita 40 da suka sauka a hankali dare guda abinci ne. Milimita 40 cikin rabin awa kuwa zaizaya ce da rushewar katanga. Na'urar gida tana nuna duka biyun, jimla da ƙarfin zuba, kuma mutane da yawa kan karanta wannan a madadin wancan.

Ma'aunin ruwa tsohon abu ne. Mutanen Koriya sun ƙera shi tun 1441, a zamanin sarkinsu Sejong, suka rarraba shi larduna. Ba ya bukatar wuta ko batir. Gwangwani ya isa, muddin bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, sai rula. Bokiti ba ya yi, don bakinsa ya fi gindinsa faɗi, zai ƙara maka abin da ba a yi ba. A kafa shi a fili, daidai ba a karkace ba, nesa da bango ko itace da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, in an sami ninki huɗu ya fi. Na taɓa ganin ma'aunin wata makaranta an ɗaure shi a gindin darbejiya wai don kada yara su taɓa, shekara nawa ana cika littafi da abin da ganye ya ga dama ya bari. Na'urar zamani kuwa tana da ɗan cokali mai baki biyu a cikinta, duk sa'ad da ya cika sai ya tuntsure, ta ƙidaya milimita 0.2, ko kashi ɗaya cikin ɗari na inci. Idan ruwa ya yi ƙarfi ƙwarai takan rage, don wani yana zubewa lokacin da cokalin ke juyawa. Babban abokin gabarta a ƙasar nan kuwa ƙurar hunturu ce da zanzaro, wanda ba ya ganin rami ya ƙyale. Wanda bai wanke mazurarin ba kafin bazara ta ƙare, sifiri zai yi ta gani ana ruwa.

Wani zai ce, tun da gwamnati na da ma'auni a filin jirgin sama, me ya sa zan wahala? Dalili shi ne ruwan ƙasarmu ba ya sauka bai ɗaya. Kowa ya san akan yi ruwa a wannan unguwa, waccan ko ɗigo. A farkon shekarun 1990 masana sun kafa ma'aunai wajen ɗari a kewayen Yamai, suka tarar jimlar damina kan bambanta ƙwarai tsakanin wurare biyu da ba su wuce tafiyar 'yan kilomitoci ba. Ruwan filin jirgi na filin jirgi ne.

Mu koma kan zafi. A nan harshenmu yana da giɓi, yana kuma da rara. Giɓin shi ne ba mu da kalma guda da ta haɗa zafi da sanyi, shi ya sa muke cewa awon zafi ko da ana kaɗuwa. Ban ga laifin wannan ba, a bar shi. Kalmar digiri ma ta zauna, ko da yake a jami'a tana da wata ma'ana da ta fi damun ɗalibai. Awon Faranhait wani mai ƙera kayan awo ne, Daniel Fahrenheit, ya fito da shi a 1724, a nasa ruwa yana daskarewa a 32, ya tafasa a 212. Na Salsiyos kuwa Anders Celsius ne, mutumin Suwidin, a 1742, kuma shi da kansa a juye ya tsara shi, tafasa a sifiri, daskarewa a 100, sai daga baya aka mayar da shi yadda muka san shi. Kusan duk duniya Salsiyos take bi, in ban da Amurka da 'yan ƙasashe kaɗan. Idan kun ga Faranhait, ku debe 32, ku ninka sau 5, ku raba gida 9. Misali 104, a debe 32 saura 72, sau 5 ya zama 360, a raba gida 9 ya ba da 40, watau azahar ɗin watan Afrilu a Kano.

Abin da ake aunawa zafin iska ne a inuwa, ba zafin rana a kan ƙarfe ba. Shi ya sa a tashoshin awo kuke ganin farin akwati mai tagogi kamar na tantabara, a kan ƙafafu, wanda wani injiniya ɗan Sikotlan, Thomas Stevenson, ya tsara a 1864. Ƙa'ida ita ce ma'aunin ya kasance tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa, iska na ratsa shi, rana ba ta taɓa shi. Wanda ya ɗora nasa a kan kwano ya ga 55, ya ɗauki hoto ya watsa wa duniya, zafin kwanonsa ya auna. Adadi biyu ake rubutawa kullum: mafi zafi, wanda kan zo tsakanin azahar da la'asar, da mafi sanyi, wanda kan zo dab da fitowar rana, ba tsakar dare ba kamar yadda ake zato.

Rarar da na ce muna da ita kuwa, ga ta. Bahaushe ya raba ɗari da sanyi: ɗari busasshe ne, na hunturu, mai fasa leɓe da kaushin ƙafa, sanyi kuwa yana iya zama na laima, irin na marka. Ya kuma raba zafi da gumi. A watan Maris ana zafi, amma inuwa tana magani. A ƙarshen Mayu, idan hadari ya yi ta haɗuwa bai zuba ba, sai a ce ana gumi, inuwa ba ta magani, fanka ma sai a hankali. Abin da kakanninmu suka ji a jikinsu shi ne abin da masana ke kira danshin iska. Na zaɓi danshi a kan laima, don laima tana da wata ma'ana, kada a ce an sami laima kashi 80 wani ya zaci rabo ake yi.

Ana faɗin danshin iska da kashi cikin ɗari, kuma a nan ne aka fi ruɗewa. (Ɗalibaina su lura, ɗari na ƙidaya da ɗari na hunturu rubutunsu ɗaya, karin sauti da tsawon wasali ne suka raba su, saboda haka mai karanta labarai da zai ce kashi goma cikin ɗari a lokacin ɗari, sai ya gyara bakinsa.) Kashi 50 ba yana nufin rabin iska ruwa ne ba. Yana nufin iska ta ɗauki rabin tururin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Iska mai zafi ta fi ɗauka. Ku ɗauki akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska: iskar da ke cikinsa a digiri 20 ba ta wuce giram 17 na tururi, a digiri 40 kuwa sai ta ɗauki giram 51. To idan akwai giram 10 a cikinta, da asuba na'ura za ta ce kusan kashi 60, da azahar ta ce kashi 20, alhali ko ɗigo bai ragu ba. Saboda wannan ne masana suka fi amincewa da wani adadin, wanda nake ba da shawara mu kira shi matakin raɓa, watau digirin da iska za ta sauko ta kai kafin raɓa ta fara kwanciya. Ku zuba ruwan sanyi a kofin ƙarfe, da damina nan da nan zai yi gumi, da hunturu kuwa ƙememe.

Wannan adadi yana da daraja ta musamman a wajenmu. Iska biyu ke kokawa a kan Afirka ta Yamma, busasshiya daga arewa maso gabas, da mai danshi daga teku ta kudu maso yamma. Masana kan gane iyakar da ke tsakaninsu da matakin raɓa na wajen digiri 15. Idan mai na'ura a Katsina ko Maraɗi ya ga matakin raɓa ya tashi daga 3 ko 5 ya haye 15, ya zauna nan kwana da kwanaki, to iskar damina ta iso, ko da ruwa bai fara ba tukuna. Ban san wani adadi a allon nan da ya fi wannan amfani a bazara ba, kuma shi ne wanda ba a kallo.

Haɗuwar zafi da danshi ita ce na'ura ke nunawa da wani adadi na uku, wanda zan kira awon gumi. Digiri 35 da danshi kashi 60, jiki yana jin sa kamar 45, don zufa ba ta bushewa. Masu kula da asibitoci da makarantun kwana su riƙa duba wannan. Akasinsa kuma shi ne sirrin randa, wadda ke sanyaya ruwa da rani saboda abin da ke tsattsafowa ta jikinta yana ƙafewa, da damina kuwa ta yi kasala. A kan wannan ne marigayi Mohammed Bah Abba ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Iska ba zan daɗe a kanta ba, ko da yake kalmar tana nufin wadda muke shaƙa, da wadda ke kaɗawa, da wata ta uku da ba ta shafi wannan lacca ba. Awonta har huɗu ne ke yawo. Mita 10 a daƙiƙa shi ne kilomita 36 a awa, shi ne mil 22 a awa, shi ne kusan 19 a awon da matuƙan jirgin sama da na ruwa ke kira not. Mu tsaya a kan kilomita a awa, don kowane direba ya san shi. Ana kiran iska da inda ta fito, ba inda ta nufa ba, kuma Bahaushe haka yake yi da ma, tun da hadarin gabas yake cewa. Ƙa'idar tashoshi ita ce a auna a tsayin mita 10 a fili, don haka na'urar da ke tsakar gida tsakanin katangu kullum ragewa take yi. Abin da ke yaye rufi ba matsakaicin gudu ba ne, bugun nan ne na 'yan daƙiƙoƙi da ke zuwa gaban hadari, kuma idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take tura kwano da shi ninki huɗu yake yi.

Saura nauyin iska, wanda ya fi kowanne yaudarar mai na'ura a ƙasarmu. Iskar da ke bisa kanmu tana da nauyi, wajen kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Torricelli, mutumin Italiya, shi ya tabbatar da haka a 1643 da bututun gilashi da zaiba, ya ga iska tana riƙe zaiba a tsayin santimita 76. Da ruwa ne, wajen mita 10 za ta riƙe, kuma wannan ne dalilin da ya sa injin ban-ruwa na 'yan fadama ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai ko takwas, komai ƙarfinsa. Awonsa a yau hektofaskal ne, don tunawa da Pascal na Faransa, tsofaffin littattafai kuma milibar suke cewa, adadin duk ɗaya ne. A bakin teku wajen 1013 ake samu. Duk hawan mita takwas kuwa yana rage kusan ɗaya, don haka Kano, mai tudun kusan mita 480, tana wajen 955 zuwa 960, Jos kuma wajen 880. Irin ma'aunin nan mai kama da agogo da ake kawo wa manya tsaraba daga Ingila, an rubuta masa hadari da sauyi da garau a fuska, idan aka rataye shi a Jos ba a daidaita ba, guguwa zai yi ta nunawa har ya tsufa. Ko an daidaita shi ma, a Turai ne faɗuwar nauyin iska ke shelar ruwa. A ƙasashen zafi yana hawa da sauka sau biyu kowace rana kamar numfashi, ya hau wajen ƙarfe goma na safe da goma na dare, ya sauka wajen huɗu na yamma da huɗu na asuba, ko da damina ko da rani. Wanda ya ga ya sauka da la'asar ya ce a kwashe shanya, zai yi ta kwasa har watan Janairu.

Kalma ɗaya kuma ina so masu aikin rediyo su taimake mu a kanta, ita ce hazo. Muna kiran na ruwa hazo, irin wanda ke kwanciya a fadama da sassafe, muna kiran na ƙura hazo, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso shi. Ga direba da mai asma ba abu ɗaya ba ne. A riƙa cewa hazon ruwa da hazon ƙura. Awonsa nisan gani ne, da mita, kuma wannan ba ya bukatar na'ura: ka san nisan hasumiyar masallaci ko tankin ruwa daga ƙofarka, ka duba ko kana hango su.

Daga ƙarshe, maganar littafi, kuma da ma'aikata nake. A sami littafi mai layi, a rubuta awon kowane shafi a samansa, milimita ko digirin Salsiyos, a rubuta sunan gari da inda aka kafa ma'auni. A karanta kullum da safe a lokaci guda, har ranar Juma'a da ranar Salla, a zubar da ruwan bayan an karanta. Ranar da aka duba ba a sami ruwa ba, a rubuta sifiri. Ranar da aka yi yayyafin da bai isa aunawa ba, a rubuta ɗigo. Ranar da ba a duba ba kuwa, a bar gurbin fayau, kada a cika shi da sifiri, kada kuma a zauna ƙarshen wata a ƙirƙiro adadi don fayil ya yi kyau. Gurbi yana gaya wa mai bincike cewa ba a sani ba. Sifirin ƙarya kuwa yana gaya masa an yi fari, kuma da irin waɗannan takardu ake yanke shawarar inda za a kai iri da inda za a kai agaji.

Shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu. Ga gwangwani da rula na zo da su, suna nan kan tebur ga wanda ke son gwadawa bayan tambayoyi.